Yadda zaka rarrabe maganar 'yan Buda da ta masu kiran ruhohi akan sake haihuwa da magana da matattu

Duk mai yawan karance-karance akan addinan duniya, ko mai kallon bidiyoyin nan na abinda ke faruwa bayan mutuwa, zai lura ana yawan cakuɗa addinin Buda da aƙidar masu kiran ruhohi ta Turai da Amurka, wai ai duk abu ɗaya suke faɗa, mutum yana mutuwa ya dawo kuma ana iya hira da mamaci. Wannan cakuɗawar tana damuna gaskiya, saboda ba haka abin yake ba, a wurare da yawa ma hannun riga suke da juna. Ba wa'azi nazo yi ba kuma ba ina kiran kowa ya yarda da ɗayansu bane, so nake in kana karatu ko kana rubuta takardar makaranta ko zama ya haɗa ka da mai wannan aƙidar, ka san me yake nufi, kar ka jingina masa abinda bai taɓa faɗa ba. Hanyar da nake ganin tafi sauƙi itace ka riƙe wasu 'yan tambayoyi, duk maganar da ka gani ka auna ta dasu.

Ka fara da tambayar waye mai maganar. Duk jimlar da ta fara da "'yan Buda sun yarda cewa", ka dakata ka ce waɗanne daga ciki. Addinin ya samo asali daga Siddata Gotama, wanda ake kira Buda, aka haife shi a Lumbini cikin ƙasar Nepal ta yanzu, wajen ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma a tsawon wannan lokacin ya rabu gida-gida. Akwai Terabada na Siri Lanka da Tailan da Myanmar da Kambodiya da Laos, akwai Mahayana na Sin da Japan da Koriya da Biyetnam, sannan ga na Tibet da Mongoliya, kuma akan batun halin da mamaci yake ciki suna da saɓani na gaske.

Su ma masu kiran ruhohin gida biyu ne, kuma nan ne mutane da yawa suke zamewa. Gida na farko ya taso ne a Amurka, ranar 31 ga Maris 1848 a ƙauyen Hydesville na jihar New York, inda wasu 'yan mata ya da ƙanwa, Maggie da Kate Fox, suka ce akwai abinda ke ƙwanƙwasa musu a gida yana amsa tambaya da adadin ƙwanƙwasar, kafin kace me abin ya bazu har ya tsallaka Ingila. Gida na biyu na Faransa ne, wani malamin makaranta mai suna Rivail da ya koma amfani da sunan Allan Kardec ya fitar da littafinsa na ruhohi a 1857, yau kuma cibiyar wannan gidan Brazil ce, ƙidayar 2010 ta nuna mutum kusan miliyan 3.8 ne suka ce shine addininsu. To ga abinda zaka riƙe, 'yan gidan farko yawancinsu a ƙarni na 19 basu yarda da sake haihuwa ba sam, har sukar Kardec suka riƙa yi akai, kuma in ka duba suna da dalili, in kakarka ta riga ta dawo duniya ta zama jaririyar wasu to wa kake kira ya amsa? Kardec shi ya sa sake haihuwa a tsakiyar koyarwarsa, amsarsa itace tsakanin wata rayuwa da wata ruhin yakan daɗe yana jira ba tare da jiki ba, a wannan tazarar ne ake samunsa.

Tambaya ta gaba itace wadda na fi so ka tsaya akai sosai, domin in ka gane ta sauran duk zasu zo da sauƙi. Me ke wucewa daga wannan rayuwar zuwa ta gaba? A wajen masu kiran ruhohi amsar a fili take, mutumin ne da kansa, da halinsa da tunaninsa da son da yake wa 'ya'yansa har da irin barkwancinsa, jiki kawai ya bari. Ƙungiyar masu kiran ruhohi ta ƙasar Birtaniya da aka kafa a 1901 tana da ƙa'idoji 7, ɗaya daga ciki shine ci gaba da wanzuwar ran ɗan Adam, kuma duk aikin mai shiga tsakani, wato wanda suke cewa mamaci na magana ta bakinsa, a wajensu shine ya kawo shaidar cewa wane ɗinnan da kuka binne yana nan a matsayinsa na wane.

Buda kuwa akasin wannan ya koyar. Ɗaya daga cikin ginshiƙan koyarwarsa shine anatta, wato babu wani rai tabbatacce a cikin mutum da baya canzawa wanda zai fita daga wannan jiki ya shiga wancan. Abinda muke kira mutum a wajensa tarin abubuwa 5 ne da suke ta canzawa ko da yaushe, jiki, da jin daɗi ko zafi, da gane abubuwa, da ƙudurce-ƙudurcen zuciya, da sani, kuma ba ɗaya a cikinsu da zaka nuna kace wannan shine ni na har abada. Nasan tambayar da zata zo maka, to in babu rai me ake sake haifa? Ba kai ka fara ta ba, akwai wani tsohon rubutu da ya kawo muhawara tsakanin wani sarki Bagirike mai suna Milinda, wanda ya yi mulki a arewa maso yammacin Indiya a ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa, da wani malamin Buda mai suna Nagasena, sarkin yayi masa irin wannan tambayar sai malamin ya kawo misalin kunna fitila daga wata fitilar. Wutar ta biyun ba ta farkon bace ta tashi ta koma can, amma kuma ba don ta farkon ba da babu ta biyun. Shi yasa suke cewa wanda aka sake haifa ba shine wanda ya mutu ba, kuma ba wani daban bane. Abinda ke tura abin gaba shine kamma ko karma, wanda Buda ya bayyana da cewa niyya ce, aikin da mutum yayi da gangan da jiki ko baki ko zuciya, haɗe da kwaɗayin ci gaba da wanzuwa. Saboda haka duk inda ka ga an rubuta wai a addinin Buda "ranka yana zaɓar iyayen da zasu haife shi don ya koyi darasi", ka sa ayar tambaya, wannan yafi kama da Kardec da waɗanda suka biyo bayansa.

Zaka iya cewa to Dalai Lama, babban jagoran 'yan Buda na Tibet, fa? Eh, a Tibet akwai tsarin da ake neman yaron da babban malami ya sake haihuwa a cikinsa, Dalai Lama na 14 an haife shi a 1935 a ƙauyen Taktser bayan na 13 ya rasu a 1933, kuma masu neman sun gwada shi da kayan marigayin irin su carbi da sanda a cakuɗe da wasu makamantansu. Amma su a wajensu wannan keɓantaccen abu ne na wanda ya kai wani matsayi har yake iya dawowa da gangan don tausayin halittu, ba halin kowa da kowa bane.

Daga nan sai ka tambaya, ina mamacin yake a yanzu? A koyarwar Terabada babu wani jira, sanin ƙarshe na mai mutuwa yana gushewa na farkon sabuwar rayuwa yake biyo baya nan take, kuma ba lallai ya dawo mutum ba. Suna lissafa matsayi 6 (wasu rubuce-rubucen 5 suke kawowa), na alloli, da wasu halittu masu gaba da allolin, da mutane, da dabbobi, da fatalwa masu yunwa da suke kira peta, da gidajen azaba, kuma ba wanda ake dawwama a ciki, ko aljannarsu ƙarewa take in ladan ya ƙare. A Tibet da Sin da Japan kuwa sun yarda akwai tsaka-tsakin lokaci da zai iya kai kwana 49, 'yan Tibet suna ce masa bardo. Masu kiran ruhohi na Amurka da Ingila suna siffanta wata duniyar ruhohi mai kama da tamu amma ta fi kyau, inda ruhi ke ci gaba da ɗaukaka mataki-mataki, shi kuma Kardec yace ruhi yana iya tsayawa wuri ɗaya amma baya komawa baya, mutum bazai dawo dabba ba. Kaga ko a nan kaɗai an raba gari.

Yanzu ga ma'aunin da ni nake ganin yafi kowanne saurin raba gardama, ka duba saƙon daga ina yake tafiya zuwa ina. A addinin Buda kusan ko yaushe daga rayayyu yake tafiya zuwa ga mamaci, taimako ake aika masa, ba labari ake nema a wajensa ba. A Siri Lanka misali, ana yin sadakar abinci ga malaman addinin a kwana na 7 da wata na 3 da kuma cikar shekara, dangi su zauna a ƙasa su haɗa hannu a jikin butar ruwa ɗaya suna tsiyayawa a hankali cikin ƙaramin kofi da aka ɗora a faranti har ya cika ya tumbatsa, malaman kuma suna rera baitin da ke cewa kamar yadda koguna ke cika teku haka abinda aka bayar anan yake amfanar waɗanda suka tafi. Ba wanda yake jiran mamacin yace uffan. Akwai ma wani nassi da wani Barahmane, wato ɗan gidan malaman addinin gargajiya na Indiya, mai suna Janussoni ya tambayi Buda ko wannan sadakar tana isa ga mamaci, yace tana isa ne kawai in an sake haifarsa cikin fatalwa masu yunwa, in a wani matsayin yake to abincin can yake ci, amma mai bayarwa baya rasa ladansa. A Tibet malami yana zama kusa da gawa ko a madadinta yana karanta Bardo Todol, littafinsu na jagorantar mamaci a cikin bardo, da murya, yana kiran mamacin yana gaya masa kar ya ji tsoron abinda yake gani, daga zuciyarsa suke fitowa, kar kuma ya liƙe wa gida da iyali. To wannan magana ce da mamaci ba shakka, amma ka lura manufarta ya saki ya wuce. Bikin Obon na Japan da bikin fatalwa na Sin a ranar 15 ga wata na 7 na kalandarsu da Pchum Ben na Kambodiya duk akan wannan layin suke, a ciyar, a yi sadaka, a tuna da magabata.

Zaman masu kiran ruhohi kuwa juyin wannan ne, ana taruwa ne don mamacin yayi magana. A majami'unsu na Ingila mai shiga tsakani yakan tsaya a gaban jama'a yace ga wani dattijo nan tare dani, ya sha fama da ƙirji kafin ya tafi, sai wani a cikin taron ya ɗaga hannu yace babana ne, daga nan saƙo ya biyo. A Brazil sun fi yin ta hanyar rubutu, Chico Xavier da ya rasu a 2002 ya fitar da littattafai sama da 400 da yace ruhohi ne suka yi masa shifta, kuma bai ci kuɗinsu ba, ayyukan jinƙai ya bar wa.

Sai dai kar ka tsaya a littafi kawai kace shikenan 'yan Buda basa kiran matattu, saboda abinda nassi ya faɗa daban abinda jama'a ke yi daban. Tsohon nassin addinin Buda ya lissafa neman amsa ta bakin yarinyar da aka hau kanta ko ta madubi cikin ƙasƙantattun sana'o'in da malamin addini ya kamata ya nisanta, kuma dokarsu ta ce malamin da ya yi ƙaryar yana da wani matsayi na ruhi da ya wuce na mutane an kore shi kenan har abada. Duk da haka a dutsen Osore da ke arewacin Japan akwai mata da ake kira itako, a da yawancinsu makafi ne, mutane na bin layi lokacin biki don su ji muryar mamatansu ta bakinsu, a harabar wurin ibadar Buda suke zama amma ba ma'aikatansa bane, tsohuwar al'adar yankin ce. A Tibet ma akwai mai faɗin gaibu na Nechung da Dalai Lama ke tuntuɓa, amma shi wani abin bauta mai tsaro suke cewa yana hawansa, ba kakan wani ba. In ka ga irin wannan sai ka tambaya, koyarwar ce ko al'adar ƙasar ce ta zauna kusa da ita.

Inda aka nufa ma daban. Ga 'yan Buda sake haihuwa ba albishir bane, itace matsalar, zagaye ne na haihuwa da tsufa da ciwo da mutuwa da suke kira samsara, burin shine a fita daga ciki, wato nibbana. Labarin Kisa Gotami yana nuna yadda suke kallon rashi, matar da ɗanta ya mutu ta ɗauko gawarsa tana neman magani, Buda yace ta samo masa 'yan ƙwayoyin mastad, wani ƙanƙanin iri da ake sawa a girki, daga gidan da ba a taɓa mutuwa ba, ta bi gida-gida bata samu ba, a haka ta gane ta binne ɗanta. Aƙidar kiran ruhohi kuwa ƙarfinta daga ɗaya ɓangaren yake, daga zuciyar da ta kasa saki, kuma ni bana raina wannan ko kaɗan. Lokutan da ta fi bunƙasa sune bayan yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 da yaƙin duniya na farko, lokacin da iyaye suka rasa 'ya'ya ba tare da ko ganin gawa ba. Matar shugaba Lincoln ta nemi masu shiga tsakani bayan ɗanta Willie ya rasu a 1862, shi ma masanin kimiyya Oliver Lodge ya nemi masu shiga tsakani bayan an kashe ɗansa Raymond a fagen daga a 1915.

In kana mamakin to daga ina cakuɗawar ta samo asali, tana da tarihi. Helena Blavatsky da Henry Olcott sun fara haɗuwa ne a 1874 a wani gidan gona a jihar Vermont inda ake zaman kiran ruhohi, suka kafa ƙungiyar Tiyosofi, ta masu binciken asiran addinai da ruhohi, a New York a 1875, sannan a 1880 suka je garin Galle na Siri Lanka suka karɓi addinin Buda a bainar jama'a. Ta hannun wannan ƙungiyar Turawa da yawa suka fara jin kalmar karma, amma a gauraye da ra'ayin ruhi mai ɗaukaka daga rayuwa zuwa rayuwa. Ko fassarar Bardo Todol ta Turanci da ta fito a 1927, wanda ya tsara ta, Evans-Wentz, ɗan Tiyosofi ne kuma baya jin Tibetanci, Kazi Dawa Samdup ne ya yi ainihin fassarar shi kuma ya lulluɓe ta da nasa sharhin. Saboda haka in littafin da ke hannunka na Bature ne na wancan zamanin, ka binciki alaƙarsa da wannan ƙungiyar kafin ka ɗauki maganarsa a matsayin ta Buda.

Sai batun hujja, wanda dole ka raba shi da batun aƙida. Sanin me mutane suka yarda dashi abu ɗaya ne, ko an tabbatar dashi wani abu ne. Tun 1853 masanin kimiyya Michael Faraday ya gwada teburin da ake cewa ruhohi ke juyawa, ya sa wasu faifai tsakanin hannun mutane da teburin da wata alama da ke nuna motsi, ya nuna hannayen ne ke fara turawa ba tare da masu su sun sani ba. A 1888 ita kanta Maggie Fox ta tsaya gaban taro a New York ta nuna da gaɓar yatsan ƙafarta take yin ƙwanƙwasar, ko da yake bayan shekara ɗaya ta janye maganar. Shahararren mai wasan rufa-ido Harry Houdini ya ƙarar da shekarunsa na ƙarshe kafin ya mutu a 1926 yana tona asirin masu damfara da sunan matattu. In kana kallon irin wannan zaman ka ɗauki biro ka riƙa rubuta abu uku, abinda mai shiga tsakanin ya faɗa da kansa kafin a bashi amsa, abinda mai sauraron ne ya cike masa, da sau nawa ya kuskure aka wuce ba a tanka ba, zaka ga "ciwon ƙirji" ko "suna mai farawa da harafi kaza" abu ne da zai dace da wani a kowane taro. Kuma duk inda aka ce sai an ƙara kuɗi mamacin zai samu sauƙi, to ka ja wanda kake ƙauna ku bar wurin, mai makoki shine mafi sauƙin cuta.

A ɓangaren sake haihuwa sunan da zaka fi cin karo dashi shine Ian Stevenson na Jami'ar Virginia wanda ya rasu a 2007, ya tattara labaran yara sama da 2000 da suke cewa suna tuna wata rayuwa, yawanci suna fara faɗa tsakanin shekara 2 zuwa 4 su daina kafin su kai 8. Ka karanta shi tare da masu sukarsa, waɗanda suka nuna sau da yawa yana isa wurin ne bayan iyalan biyu sun riga sun haɗu sun yi hira, da tafinta yake aiki, kuma mafi yawan labaran daga inda dama an yarda da abin suke fitowa. Shi da kansa bai ce ya kawo tabbaci ba, cewa yayi alamu ne.

In kuma abin ya wuce karatu, abokin aikinka ko na makaranta mai bin ɗaya daga cikin waɗannan akayi masa rasuwa, wannan rarrabewar zata yi maka amfani a aikace. Ɗan Tailan ko Siri Lanka kar ka tambaye shi ko babansa ya yi masa magana, ka tambaye shi yaushe za'a yi sadakar kuma ko zai samu zuwa. Ɗan Japan ko Tibet ka san kwana na 49 babbar rana ce a wajensa, mai yiwuwa ya nemi hutu saboda ita, a Japan ma galibi a lokacin ne ake kai tokar mamacin kabari. Ɗan Brazil mai bin Kardec zai iya ce maka mahaifiyarsa ta "rabu da jiki" maimakon ta mutu, da gaske yake, ka bar shi ya ƙarasa maganarsa, in kana da tambaya ko saɓani ka ajiye sai bayan makoki ya lafa.